Murhun Rumawa a Ƙofar Rini

Ban taɓa ganin mutum mai ƙyanƙyami irin Tambari ba. Ni Jelani baduku ne, shagona na kallon rumfar abincinsa a Ƙofar Rini ta Sakkwato tun ranar da aka kafa ta, saboda haka abin da ya faru a nan gida ba a bakin wani na ji shi ba. Mutum ne da in ka fyace hanci ka miƙa masa hannu, sai ya dafe ƙirji ya gaishe ka daga nesa. Butarsa daban take, a rataye a ƙusa, ko limamin unguwa bai isa ya taɓa ta ba. In ƙuda ya sauka a bakin langa, ba korar sa yake yi ya ci gaba da zuba abinci ba, sai ya sake wanke langar.

Ɗan gidan rundawa ne, wato mahauta. Tun yana ƙarami aikin da ya faɗo masa a gidan shi ne wankin kayan ciki, tumbi da hanji da duk abin da manya ba sa son taɓawa da sassafe. Wani yaron in an ba shi wannan aiki sai ya saba da wari har ya daina jin sa. Shi kuwa abin juye masa ya yi, ya tashi yana gaba da ƙazanta kamar ita ta kashe masa uba. Yakan wanke tumbi har ya yi fari tas, ya shinshina, ya sake wankewa. 'Yan'uwansa suna yi masa dariya, amma romon da ya dafa ba ya kai la'asar.

A shekarun da samarin Sakkwato ke bin hanyar Agadas zuwa Libiya, shi ma ya bi. Ya yi aikin gini, ya yi fiɗa a wata mayanka, daga ƙarshe wani ya yi masa hanya ya samu aikin shara a wani tsohon gari da ya zama kufai, can gabashin ƙasar a bakin teku. Sunan garin bai taɓa zama a bakin Tambari ba, yau ya faɗe shi haka gobe ya faɗe shi haka, har muka haƙura muka bar shi da kiran da yake yi masa, Kufai. Akwai wani tsohon Balarabe mai gadin wurin, shi ne ya riƙa ba shi tarihi. Wai Yunanawa ne suka fara zuwa cikin jiragen ruwa suka kafa garin, tun kafin haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru. Daga baya Rumawa suka karɓe, suka ɗora nasu gine-ginen a kan na waɗancan. Can kuma aka yi girgizar ƙasa, wani ɓangare na tashar jiragen ya nutse, har in ruwa ya kwanta kana iya hango bangaye a ƙarƙashinsa. Rairayi ya binne sauran, sai a zamanin Turawa aka tone.

Tambari bai ƙaunaci Kufai ba da farko. Ginshiƙan duwatsu tsaye ba rufi, wasu a kwance sun karye gida uku. Wani dandali mai matakala zagaye kamar an raba ƙwarya biyu, yana kallon teku, inda aka ce nan suke taruwa kallon wasa. Daɓen da aka yi wa ado da ƙananan duwatsu masu launi, an zana kifaye da tsuntsaye. Duk wannan bai dame shi ba. Abin da ya tayar masa da zuciya gumakan ne, mutane na dutse tsirara, wasu ba kai wasu ba hannu, amma abin da ya kamata ya karye ya ɓace yana nan daram. Ya ce in zai share gefensu sai ya sunkuyar da kai yana ta'awwuzi.

Sai ranar da ya shiga wani ɗaki kusa da inda aka ce gidan wankansu ne. Dakali ne na farin dutse mai santsi ya bi jikin bango ta ɓangare uku. A samansa an huda ramuka a jere, kowanne zagayayye, kuma daga kowane rami an tsaga dutsen ya gangaro ta gaba. Ƙarƙashin dakalin kwari ne mai zurfi. A gabansa kuma, daidai inda ƙafa za ta tsaya, ga wata 'yar hanyar ruwa an sassaƙa. Tambari mai girki ne, da idon mai girki ya duba. Ramin sama mazaunin tukunya ne, tsagar gaba ta tura itace ce, kwarin ƙasa na toka da iska ne, hanyar ruwan kuwa ta wanke hannu da ludayi. Ya ce tsigar jikinsa ta tashi, don bai taɓa ganin murhu mai hikima irin wannan ba.

Larabcinsa bai wuce na allo da na cefane ba, amma ya jawo mai gadin ya nuna masa ya tambaya. Tsohon ya yi dariya ya ce, "Baitur raha." Ya ƙara da nuni, ya zauna a iska, ya juya dama ya juya hagu kamar mai hira da na kusa da shi, ya shafa cikinsa ya yi ajiyar zuciya. To, Bahaushe ya san baiti gida ne, ya kuma san raha. Gidan raha ke nan, inda ake zama a ci a ƙoshi a shafa ciki a yi hira. Me ya rage a tambaya?

Daga ranar nan ɗakin ya zama wurinsa. Nan yake cin abincin rana, nan yake dasa ɗan kaskon gawayinsa cikin rami ɗaya ya dafa shayi. Ya auna komai da taƙin hannu da igiya, ya ƙulla igiyar ya adana. Abu ɗaya ke ɓata masa rai, Turawa masu yawon buɗe ido. Da sun shigo sai su yi layi su zazzauna a kan ramukan, mazansu da matansu, suna ƙyalƙyala dariya ana ɗaukar su hoto. Tambari ya riƙa bin su da tsintsiya har sai da aka kai ƙararsa. Ko bayan shekaru in ya tuna sai ya tofar da yawu.

"Ko ɗan yaye ga Sakkwato ya san ba a zama bisa murhu," in ji shi. "Amma ka ga ƙaton mutum da hurhura, ya ɗora mazaunai inda aka ɗora tukunya. Tir!"

Da yaƙi ya ɓarke a ƙasar ya dawo gida da jaka ɗaya da igiyar nan. Ya auri Rahmatu, 'yar Wamakko, ya nemi fili a bakin titi, ya kira magini. Ina zaune ina ɗinkin takalmi na ga an tayar da abin da ban taɓa gani ba. Sau biyu yana sa a rushe don ramin bai yi daidai da igiya ba. Da aka gama sai ga dakalin siminti ya bi bango uku, ramuka a jere, tsaga ta gaba, hanyar ruwa a ƙasa tana fita zuwa lambatu. Ya shafe shi da farin siminti don ya yi kama da na can. Ya sa aka rubuta allo aka kafa a sama, Baitur Raha. Malam Hashim, limamin masallacinmu, ya ɗaga kai ya karanta ya ce ma'anarsa gidan hutawa, suna ne mai kyau, ya yi addu'a aka shafa.

Gaskiya kuwa murhun ya yi aiki, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Itace kaɗan yake ci, iska ba ta watsa wutar, akuya ba ta ture tukunya. Kai da ƙafa a wannan rami, farfesun kayan ciki a wancan, shinkafa, wake, miyar yakuwa, ruwan zafi na wanke-wanke, duk a tsaye lokaci guda, Tambari na bin su da ludayi cikin farar riga. Masu keke, 'yan kasuwa, ma'aikata daga unguwar Arkilla da motocinsu, har mutanen ƙauye in sun shigo cin kasuwa sai sun biyo. A kan benci kuwa raha ake yi ta gaske. Fiye da shekara goma ban ji wanda ya ce cikinsa ya ɓaci daga abincin Tambari ba.

Duk wanda ya tambayi asalin murhun ya jawo wa kansa wa'azi. Tambari zai ajiye ludayi ya fara daga jiragen Yunanawa har girgizar ƙasa.

"Mutanen ga kahirai na, ban musa ba," yakan ce. "Gumakansu ko wando babu. Amma wanda yag gina murhu irin wanga ba marowaci ba na. Tukwane jere haka, ka san dut garin aka ciyarwa."

Ranar da wani malamin makaranta ya gaya masa cewa Yunanawan nan su ne rediyo ke kira Girkawa, murna kamar an yi masa bushara. "To kun ji! Sunansu ma girki na!" Ya yi mako yana maimaita wa kowa.

Cikin waɗanda suka girma da romon Tambari akwai Abdulshakur. Tun yana ɗan makaranta ubansa ke kawo shi a bayan mashin, Tambari ya tsamo masa hanta ya hura masa ta huce. Ya girma ya zama irin samarin nan da ba su da sana'a sai ɗaga waya, su ɗauki bidiyon duk abin da ya gilma su watsa don a san da su. Bara ya zo ya ce zai tallata rumfar. Tambari ya sa sabuwar hula, ya tsaya gaban tukwanensa ya ba da tarihin nan tun daga farko, har da tsintsiya da Turawa. Bidiyon ya yawata. Cikin masu kallo wani da ya yi karatu a ƙasar Larabawa ya turo wa Abdulshakur hotunan irin wannan ɗaki a tsofaffin garuruwan Rumawa, tare da bayanin abin da ake yi a cikinsa.

Ɗan halak da ya samu wannan labari sai ya zo da yamma in an watse, ya ja dattijon gefe ya raɗa masa. Abdulshakur bai yi haka ba. Ya bari sai da rana ta take, benci ya cika, kowa hannunsa cikin langa, sannan ya shigo da waya a ɗage, wani abokinsa na biye da shi da wata wayar.

"Baba, an wuni lahiya? Don Allah ku sake hwaɗa muna, mi Balaraben nan yac ce maku sunan wurin?"

"Baitur raha," in ji Tambari. "Ga shi nan rubuce bisa kanka, ko karatun ya ɓace?"

Aka yi dariya. Abdulshakur ma ya yi.

"To Baba, kun san abin da baitur raha ka nuhi can ƙasar?"

"Gidan raha. Mi kaka son ji kuma?"

"Salga ta, Baba. Ban ɗaki. Wanga abin da kunka gina, bisa irinai Rumawa ka zama su yi bayan gida, su da yawa jere, suna hira."

Ya juya wayar ya bi benci da ita ɗaya bayan ɗaya. Ni ma na tsallako na gani. Hoton dakalin dutse ne, ramuka, tsaga, hanyar ruwa, kamar an ɗauki rumfar Tambari an cire tukwane. Sai kuma wani zane da ya nuna mutane zaune a kai sun tattare riguna, kowa riƙe da sanda mai soso a kanta, wai da ita suke tsarki su ɗauraye a 'yar hanyar ruwan nan, na baya ya zo ya ɗauka. Wani mai keke ya furzar da lomar da ke bakinsa. Wani ɗan kasuwa ya dubi hannunsa, ya dubi hanyar ruwan da ya gama wanke shi a ciki, ya miƙe ya fita bakin titi ya yi ta kakari. Kafin ka ce me benci ya zama wayam, langoci a ƙasa, ƙudaje sun samu biki.

"Ƙarya ta!" Tambari ya daka tsawa yana nuna shi da ludayi. "Kai da anka haihe ka jiya, ni za ka gaya ma Kuhwai? Na share shi da hannuna!"

Abdulshakur ya ƙara matsowa da wayar don fuskar Tambari ta fito sosai.

Da la'asar na koma na same shi zaune a kan turmin daka yaji, wuta duk ta mutu, bai rufe ko tukunya ɗaya ba. Na zauna kusa da shi na ce, "Yaya Tambari, ƙyale yaran zamani, gobe sun manta." Ya dubi ramukan.

"Jelani," ya ce, "shekara da shekaru ina sharar wurin nan, ban taɓa ganin baƙin wuta ba gare shi. Ko ɗis. Nic ce ma raina ruwan sama na ya wanke." Ya nuna ƙarƙashin dakalin. "Kuma kwarin ƙasa, ba waje ɗai yat tsaya ba. Gangare na, teku yan nuhwa. Toka mi za ta yi teku?"

Ya ɗago ya dube ni.

"Turawan nan da nika kora, su ad da gaskiya. Cikin ramin nan nika dahwa shayi, Jelani. Bisa dutsen nika aje burodina."

Ya tashi da sauri ya zagaya bayan rumfa, na ji yana amai kamar zai fitar da hanjinsa. Tun daga ranar ban sake ganin shayi a hannunsa ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni ƙyama, fiye da sandar soso. Cikin kwana kaɗan rumfar ta samu sabon suna, Salgar Rumawa, har masu keke na kwatance da ita. Mutanen da suka yi shekaru suna lashe langa suka koma toshe hanci in za su wuce. Wane wari? Simintin nan a Sakkwato aka saye shi, yashin daga gulbinmu aka ɗebo shi, ba mahaluƙin da ya taɓa ɗora jikinsa a kai, wuta ce ke ci a cikinsa kullum. Kuma su wa ke toshe hancin? Mutanen da za su tsuguna su ci tsire a bakin lambatun da ya toshe tun damina, ƙuda na tashi daga can yana sauka a kan naman, su kore shi da hannun hagu su ci gaba. Mutanen da ba sa iya wuce katangar wani ba su jiƙa ta ba. Su ne yau suka zama masu tsabta a kan Tambari. Kuma kuskuren nasa, wa ya fi ƙarfinsa? Mu ma ba ma kiran wurin da sunansa, sai mu ce bayan gida, mu ce kewaye. Balarabe ya sakaya nasa da raha, Bahaushe ya ji raha irin tasa.

Malam Hashim ya yi abin da ya dace. Bayan sallar azahar ya tsayar da jama'a ya ce kama da abu ba ta mayar da abu najasa, murhun Tambari tsarkakakke ne, abincinsa halal ne, kuma wulaƙanta dattijo don a yi dariya ba ɗabi'ar Musulmi ba ce. Kowa ya gyaɗa kai, har da masu cewa na'am Malam. Aka fito aka sa takalma, kowa ya bi ta ɗaya gefen titin.

Rahmatu ta ba Tambari shawara a gabana. "Malam, a rushe abin ga. A kawo duwatsu ukku a girka awa kowa, a sake suna. Mutane mantuwa gare su."

"In na rushe shi, na yarda ƙazanta nic ciyar da su," ya ce. "Ni ban taɓa ba ɗan wani ƙazanta ba."

Allon kawai ya sauke, ya kifa shi a bayan rumfa. Kullum ya hura wuta, ya dafa kaɗan, ya tsaya da farar rigarsa yana kallon titi. Ba cinikin ne ya fi damunsa ba, na san shi. So yake ya ga mutumin Ƙofar Rini ya sake karɓar abinci daga hannunsa a bainar jama'a ya kai baki. Da ya ga shiru ta yi yawa sai ya yanke shawarar yin sadaka. Ya yanka ragon da yake kiwo don layya, ya sa aka faɗa a masallaci cewa ranar Juma'a bayan an sauko, duk mai so ya zo ya ci don Allah.

Ranar ya cika kowane rami da tukunya. Ƙamshi ya kai har shagon mai faci. Ya wanke benci da sabulu, ya jera langoci, ya tsaya. Aka sauko daga masallaci, titi ya cika da fararen kaya. Malam Hashim ya shigo ya zauna ya yi bisimilla, ya ci sosai har ya nemi ƙari, Allah ya saka masa. Ni ma na ci, kuma ban taɓa cin farfesu irin na ranar ba. Sauran jama'a suka yi cirko-cirko a tsallaken titi, wasu na dariya ƙasa-ƙasa, wasu sun ɗaga waya suna jiran su ga wa zai shiga su ɗauke shi. Na ga mutum biyu sun tako har tsakiyar kwalta, suka hango wayoyin, suka yi kamar dama wucewa za su yi.

Da yamma Rahmatu ta sa aka kwashe tukwanen aka kai gida. Kafin magariba kwanuka sun fara shigowa ta ƙofar baya, daga gidajen mutanen nan da suka tsaya a tsallake. Kowane kwano da saƙonsa, a zubo amma kada a ce daga gidan wane ne. Kafin isha'i ko romo bai rage ba. Da Rahmatu ta gaya masa, tana ganin zai ji sanyi, sai ya ce, "Ashe ba abincin suka ƙyama ba. A gan su da ni suka ƙyama."

Washegari bai buɗe ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, Rahmatu ta tafi da shi Wamakko wurin danginta ya huta. Rumfar dama ba ta da ƙofar kirki, wani gutsuren kwano ne ake jinginawa. Ni da nake kallon ta da rana ban ga komai ba, sai dai na fara jin wani ɗoyi in iska ta juyo, na ɗauka lambatu ne.

Da ya warware ya dawo da safe, ya rame, amma da alamar ya huce. Ya tsaya a shagona muka gaisa, ya ce ya yi tunani, zai sake hura wuta ko mutum ɗaya ne ya zo. Muka tsallaka tare, ya janye kwanon. Ɗoyin da ya buge mu sai da na ja da baya. Ba rami ɗaya ba, ba biyu ba. An zauna a kansu an yi abin da Rumawa ke yi, kuma da gani ba mutum ɗaya ba ne, ba kuma rana ɗaya ba. Ga ledojin ruwa a yashe cikin hanyar da muke wanke hannu. A jikin farin simintin wani ya rubuta da gawayi, Baitur Raha.

Na yi zagi irin wanda ban yi ba tun ina saurayi. Na ce sai na nemo ko su wane ne, na ce Allah ya isa. Tambari bai ɗaga murya ba. Ya bi ramukan da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Na Rumawa ya yi shekara dubu biyu ba ƙohwa," ya ce, "ban taɓa iske ƙazanta cikinai ba. Nawa ko wata bai yi yashe ba."

Na ce bari in kira masu kwasa. Ya hana. Ya tuɓe farar rigar ya ninke ya ba ni, ya sayi ruwa kura guda wurin mai garuwa, ya ɗaure hanci da ƙyalle. Mutumin da ba ya karɓar hannun wanda ya fyace majina, shi ya durƙusa ya kwashe da kansa, ya wanke da toka, ya wanke da sabulu, ya zuba kalanzir, ya sake wankewa. Sai bayan azahar ya gama. Na ɗauka daga nan itace zai nema. Sai na ga ya aika an kira dillali, ya sayar da tukwanen gaba ɗaya.

Yanzu Rahmatu ce ke riƙe da gidan da sayar da ɗan ƙullin yaji da daddawa. Abdulshakur na nan, an ce mabiyansa sun ƙaru, har ya sayi sabuwar waya. Tambari bai rushe dakalin ba, bai kuma sake hura wuta a cikinsa ba. Kullum da safe yakan zo da tsintsiya ya share, ya ɗauraye hanyar ruwan, ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa yana gadi har yamma, don kada a sake. In baƙo ya tsaya ya tambaya, ba ya ba da tarihin jirage da girgizar ƙasa, sai ya nuna masa da haɓa ya ce ya shiga ya gani.

Shekaranjiya wasu samari suka sauka daga keke, da gani daga wata unguwa suka zo don abin da suka gani a waya. Suka shiga suka yi layi suka zazzauna a kan ramukan, suna yamutsa fuska suna ƙyalƙyala dariya, ɗaya na ɗaukar su hoto. Na ajiye basilla na miƙe, ina jiran ya ɗaga tsintsiyar nan in taya shi. Yana zaune yana kallon su har suka gaji suka tafi. Sannan ya tashi ya share inda takalmansu suka taka.

Na tsallaka raina a ɓace na ce, "Haba Yaya, kana gani sunka zamna bisa murhu ba ka ce komi ba?"

Ya ci gaba da shararsa, bai ɗago ba.

"Ai ba murhu ba na, Jelani."